Ragunan Na Kulu

Hoton ya faɗo wayoyin mutane ne ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, lokacin da mai kiwon turke ba ya son jin muryar kowa sai ta mai saye. Wani direban tirela ne ya turo shi daga Legas. Rago ne balami, fari tas, ga tambarin Ƙungiyar Masu Turke ta Gwandu da Kalgo a jikin hoton. Wurin da aka liƙa shi ne abin kunyar: shafin caca ne, tallar ƙwallo ta hagu, ta dama kuma wata mata wadda tufafin jikinta ba su isa a rufe bakin tulu ba. Direban ya ce da ya latsa ragon, kai tsaye ya tsinci kansa a shafin ƙungiya. Kafin azahar babu wanda bai gani ba daga Dangoma har Ceberu, har da waɗanda suka rantse ba su kalla ba.

Da ma mutane a cike suke. Shafin nan ne ya raba su da wulaƙancin 'yan kamasho. A da, duk wanda ya nemi ragon layya a Google daga Abuja ko Ibadan, su yake fara gani, ya bugo waya, a ɗora masa a mota. To kwanan nan shafin ya ɓace daga idon masu nema kamar an bi shi da tsintsiya, wayoyi suka yi tsit, raguna kuwa ba su fasa cin dusa da harawa ba. Da hoton ya zo sai aka samu wanda za a ɗora wa. Malama Lidiya ce ta gina shafin, ita ke riƙe da mabuɗinsa, kuma 'yar Zuru ce, ba 'yar gari ba. A wurin da yawa daga cikinsu wannan na ƙarshen kaɗai ya isa hujja.

Alhaji Umaru, shugaban ƙungiya, ya tara jama'a a kara, kasuwar dabbobi, ya kira sunanta. Haka ƙa'idarsu take: duk wanda za a kora, shugaba ne ke ambaton sunansa da bakinsa a gaban kowa. Ya ce ta sayar da mutuncinsu ga 'yan caca. Aka ƙwace kwamfutarta aka kulle a ofishin ƙungiya a Gwandu. Makarantar kuɗin da take koyarwa a Kalgo ta ce ta zauna gida tukuna. Mai gidan da take haya, wanda shi ma ɗan ƙungiya ne, ya ce kada Sallah ta same ta a ɗakinsa. Zamanta a Kalgo ya girmi wasu masu zagin nata, a nan aka binne mijinta, amma ranar babu wanda ya tuna.

Mai unguwar da take zaune ne kaɗai abin bai kwanta masa ba, ya aika a kira masa Sirajuddeen. Shi Sirajuddeen ɗan wata ruga ne a gefen Gwandu. Mahaifinsa ya yi suna wajen bin sawun shanun sata, shi ma ya bi shi daji har boko ya ɗauke shi. Yanzu shago gare shi a Kalgo, yana gyaran kwamfuta, yana kuma bin sawun wayar da aka sace ko asusun da aka yi wa kutse. Mutum ne marar daɗin hira. Ba ya dariya don a ji daɗi, in kuwa ka ba shi labari, abin da zai fara tambaya shi ne wa ya gaya maka.

"Ba ni son a hidda macce da kaya bisa hoto guda," in ji mai unguwa. "Bi min sawun abin ga. In ita ta, ni da kaina za ni kiran mota."

*

Sirajuddeen ya iske an zuba kashin tumaki a ƙofar Lidiya, an kuma baje shi da ƙafa don kada a ce kuskure ne. Ba ta share ba. Tana zaune kan wani buhun kaya da ta fara ɗaurewa, tabarau a kan hanci, matan maƙwabta suna leƙe ta saman katanga. Ba ta ba shi ruwa ba. Ta tambaye shi ko an aiko shi ya duba abin da ya rage ba a ƙwace ba ne.

Daga nan ta sauko ta yi masa bayani, cikin muryar da take yi wa 'yan aji marasa ji. Ta ce kamar kara ta tsara shafin: akwai babbar ƙofa, sannan kowane ɗan ƙungiya da rumfarsa, da sunansa, da hotunan ragunansa, da lambar wayarsa. Google kuma yana auna shafi ne yadda ake auna baƙo, wato da irin mutanen da suka tsaya masa. Duk wani shafi da ya sa linki mai kawo mutum wurinka, kamar ya ba da shaida ne a kanka. Ta shekara tana roƙon shaidun kirki ɗaya bayan ɗaya: wata jarida a Kaduna da ta rubuta labarinsu, shafin wasu likitocin dabbobi, ƙungiyar mahauta a Ibadan. Duk wannan ta taɓa zama ta bayyana wa 'yan ƙungiya a taro. Amma in aka wayi gari shaidunka sun zama dubban 'yan caca da 'yan iska, to an gane saye ka yi, sai a tura ka can ƙarshen layi. Saƙon gargaɗi daga Google ya shigo mata ne da safiyar da aka ƙwace kwamfutar, ko buɗe shi da kyau ba ta yi ba.

"Na gaya musu linki daga waje yake zuwa, ba ya buƙatar mabuɗina," ta ce. "Kai ma yau za ka iya rubuta sunan mai unguwa a bangon gidan giya, ba sai ka shiga ɗakinsa ba. Alhaji ya ce in rufe masa baki."

Sirajuddeen ya san gaskiya ta faɗa game da linki, amma wannan bai wanke ta ba, domin mai mabuɗi ma yana iya fita waje ya yi jifa. Ya tambaye ta wa take jin ba ya ƙaunarta.

"Da makon jiya ka zo, da na ce babu," ta ce. "Yanzu leƙa waje ka zaɓa."

*

A Gwandu ba a yi masa maraba ba. Dillalai suna zaune kan benci a ƙofar ofis, babu wanda ya matsa ya ba shi wuri, wani ma ya ce da ƙarfi wai ɗan ruga ya zama lauyan baƙi. Alhaji Umaru, dogon dattijo mai tsagen Fulani a gefen baki, ya bar shi tsaye a rana har ya gama wata doguwar waya. Sai da ya ji sunan mai unguwa sannan ya sa aka buɗe kabad. Ya ce shi bai ga abin bincike ba, mace ta ci amana, an kama ta, an gama.

Wani mutum mai kimanin shekara talatin da 'yan kai, siriri, da igiya a kafaɗa, ya ce daga bakin ƙofa ai da an bari an ji ta bakin Malama tukuna. Alhaji bai ko juya ba.

"Ku ce ma wancan ya yi shiru," ya ce da na kusa da shi.

Mutumin ya sunkuyar da kai ya fita. Aka raɗa wa Sirajuddeen cewa Muhammad Sani ke nan, babban ɗan Alhaji, wanda a kara ake kira Sani Balami. Bai yi mamaki ba. Shi ma ɗan fari ne, har mahaifinsa ya koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba, kuma abin yana ci masa rai har yau, ko da yake ya san kunya ce, ba ƙiyayya ba.

Ya zauna ya buɗe kwamfutar. Mahaifinsa yakan ce in ka iske sawu kada ka yi gaggawar tambayar daga ina, fara duba ina ya nufa. Ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, wasu na caca, wasu na maganin ƙarfin maza, wasu cikin harsunan da bai taɓa gani ba, har ya ji kamar ya wanke idonsa da sabulu. Daga ina suka fito, wannan ba shi da iyaka. Amma inda suka nufa guda ne. Babu linki ko ɗaya da ya bi ta babbar ƙofa. Kaf ɗinsu rumfa ɗaya suka shiga, rumfar Muhammad Sani. A ƙarƙashin hoton ragon kuma, wurin da hoton direban ya yanke, akwai 'yan kalmomin da ake latsawa, iri ɗaya a kowane shafi: Ragunan Na Kulu, Gwandu.

Ya duba sunayen 'yan ƙungiya, babu Kulu, babu Na Kulu. Ya rufe kwamfutar. Alhaji ya tambaye shi me ya gani, ya ce ƙazanta ya gani, kamar kowa.

*

Wanda ya ci ribar faɗuwar ƙungiya a fili yake. Abdulhakeem ne, wani dillali a Kalgo mai nasa shafin, wanda yanzu shi ke saman Google, kuma kowa ya san sun taɓa kai ruwa rana da Sani Balami kan wani mai saye daga Fatakwal. Sirajuddeen ya same shi yana sa ido ana loda raguna a mota, fuska sai sheƙi. Abdulhakeem bai ɓoye murnarsa ba. Ya ce Allah ya ƙara, kuma in an gano wanda ya yi, a gaya masa ya kai masa goro.

Da aka ce ana zarginsa, sai ya yi dariya har ya riƙe ƙarfen mota. Ya ce in da shi ne, babbar ƙofa zai nufa ya huta, me zai kai shi rumfar mutum ɗaya. Ya ciro waya ya kunna wa Sirajuddeen wata talla da ke yawo a WhatsApp. Muryar wani saurayi ce da Hausar Kano, yana alkawarin ɗaga shafinka sama da na kowa kafin Sallah, ba sai ka iya boko ba, ka turo shafin kawai, ka faɗi sunan da kake so a sa, ko da murya ne. Abdulhakeem ya ce duk masu turke an turo musu, shi ma ya kusa faɗawa, wani abokinsa ya hana shi.

"Abin ga kamar allurar kumbura rago ya ke," ya ce. "Kwana kaɗan ka ga ya cika ido, daga nan ya hwaɗi."

Wannan maganar ta tsaya wa Sirajuddeen. Ya tuna a kwamfutar ya ga masu shiga rumfar Muhammad Sani sun yi wani irin tashi na ɗan lokaci kafin komai ya rushe. Ashe tun farko ya karanta sawun a juye. Yana neman wanda ya zo ya kashe rumfar ne, alhali wanda ya yi abin so ya yi ya ɗaga ta. Ya tambayi Abdulhakeem ko ya san wani Na Kulu. Abdulhakeem ya ce shi Kulun da ya sani mai tuwo ce a tasha, kuma ko akuya ba ta da ita.

*

Wa zai so rumfar Sani Balami ta hau sama in ba Sani Balami ba? Ya koma Gwandu ya same shi a bayan gida yana dama wa raguna dusa da kanwa. Ragunan sun yi kyau ƙwarai, kuma babu ko ɗaya da aka shafa wa alamar an saya. Muhammad Sani ya amsa tambayoyi ba gardama. Ya ji tallar, bai kula ta ba. Shekarar bara ta yi masa muni, cuta ta shiga turkensa, bana ce yake fatan ya miƙe. Ya miƙa wayarsa da kansa ya ce a duba, babu komai a ciki. Ya ce Malama Lidiya ba ta taɓa cutarsa ba, kuma abin da ake yi mata bai yi masa daɗi ba.

"Wane ne Na Kulu?" Sirajuddeen ya tambaya.

Hannun da ke cikin dusa ya tsaya. Muhammad Sani ya ɗago ya dube shi, ya mayar da ido kan bahon, ya ce bai sani ba. Ya tambaya a ina aka ga sunan. Da aka gaya masa, sai ya bar dusar ya zauna a kan turmi. Sirajuddeen ya sha ganin maƙaryata. Wannan ƙarya ya yi, amma ba irin ta mai kare kansa ba ce.

A bakin hanya ya tsaya shan fura wurin wata dattijuwa da ta daɗe a unguwar, ya ja ta da hira. Ita ce ta ce masa ai Sani ba a gidan nan ya tashi ba. Tun da aka yaye shi yayar Alhaji ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi da ɗan fari, ta riƙe shi a Ceberu har ya yi aure. Uwarsa ta daɗe da rasuwa. Ita goggon tana nan da ranta, Kulu sunanta.

*

Goggo Kulu tsohuwa ce ƙarama, mai kaifin baki. Ya same ta tana sheƙar gero a tsakar gida, ta gane shi tun kafin ya gama sallama, ta ce ɗan wane ne mai bin sawu, kuma ubansa ya fi shi fara'a. Da ya tambaye ta ko tana da waya, ta nuna masa wata 'yar ƙarama da aka ɗaure da roba, ta ce tana amsawa in ta yi kuka, ban da wannan ba ta san komai nata ba. Ya ce to wa ke kiran Muhammad Sani da Na Kulu, mutanen Ceberu ne?

Ta ce a'a. A Ceberu Sani ake ce masa, ita kuma Muhammadu take cewa, tunda ba ita ta haife shi ba, ba ta da abin jin kunya.

"Mutum guda na duk duniya," ta ce. "Umaru. Gaban mutane 'wancan' ya ka cewa. In ya zaka nan, mu biyu, sai ya ce, 'Ya Na Kulu? Shina cin abinci? Ragunan Na Kulu sun tashi?' Tun yaron na goye haka ya ke. Ya aiko da dusa ya ce kar in ce shi na. Mi ya hwaru?"

Sirajuddeen ya gaya mata duka, bai rage ba, har da kashin tumakin da ke ƙofar Lidiya. Tsohuwar ta ajiye faifai. Ba ta kare ƙanenta ba. Ta ce tun suna yara haka yake, in ya fasa ƙwarya sai ya fi kowa ɗaga murya wajen neman wanda ya fasa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta ce ranar da za a zauna da ita za a zauna.

A hanyar komawa ransa a jagule yake. Ya tausaya wa Alhaji, ya kuma ji haushin kansa da ya tausaya masa. Hujjarsa kuwa ba ta da ƙarfi: kalma biyu a shafin caca da bakin tsohuwa. In Alhaji ya ce bai san zancen ba, babu mai danne shi ya duba wayarsa, Lidiya kuma ta tafi ke nan.

*

Mai unguwa ya sa aka zauna a ofishin ƙungiya ranar kasuwa. Ɗaki ya cika har taga. Lidiya ta zo ita kaɗai, aka bar mata benci guda babu wanda ya zauna kusa da ita, sai Goggo Kulu da ta shigo daga baya ta zauna a gefenta ba ta tambayi kowa ba. Alhaji ya ga yayarsa, fuskarsa ta canja, amma ya dake. Abdulhakeem ma ya zo, wai kallo.

Sirajuddeen bai yi dogon bayani ba. Ya ce abin daga waje aka yi shi, ba da mabuɗin Malama ba. Ya ce ba maƙiyi ne ya yi ba, wani ne ya sayi shaidun ƙarya daga yaran nan masu talla a waya don rumfa ɗaya ta hau sama, abin ya juye ya kayar da kowa. Ya juya musu kwamfutar ya nuna rumfar, ya rufe kalmomin da ke ƙasan hoton da tafin hannunsa.

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Mutanen da jiya suke zagin Lidiya suka juya kan Muhammad Sani da bakin nan nasu, ko wanke shi ba su yi ba. Wani ya ce da ma shi ne mai cewa a saurare ta, ashe tare suke. Wani ya ce ya kashe musu Sallah don cikinsa. Mai gidan hayar Lidiya ya fi kowa kumfar baki. Muhammad Sani yana tsaye jikin bango, kai a ƙasa. Mai unguwa ya tambaye shi ko shi ya yi, ya ce duk hukuncin da aka yanke ya ɗauka. Sirajuddeen ya san hakan zai ce don ya kare ubansa, kuma bai ji daɗin kansa ba da ya jefa shi a wannan hali.

Aka ce a kore shi, a rufe rumfarsa, kada a ƙara ɗora ragonsa a motar ƙungiya. Sai ido ya koma kan shugaba, domin ba a korar mutum sai ya kira sunansa. Alhaji Umaru ya miƙe. Ya gyara babbar riga, ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, "Wancan," ya tsaya. Wani dattijo ya ce Alhaji, kunya daban, ƙa'ida daban, suna ake kira, haka ka yi wa matar nan.

"Alhaji, in sunan ya yi nauyi," in ji Sirajuddeen a hankali, "kira shi yadda ka kira shi ga yaron da ka tura ma saƙo."

Ya ɗauke hannunsa daga kan kwamfutar. Na kusa ya karanta da ƙarfi, "Ragunan Na Kulu." Mutane suka dubi juna, don ba su san sunan ba. Goggo Kulu ta ce ita ce Kulun, kuma mutum ɗaya ne ke kiran ɗanta haka, ga shi nan tsaye. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi kowa ba sai ƙanenta.

Har a lokacin Alhaji yana da hanyar fita, kuma an ga ya neme ta. Ya dubi ƙofa, ya dubi mai unguwa. Wani daga baya ya ce ai yaron ma ya san sunan, yana iya sa shi don ya ɓad da sawu, a dai kore shi a huta. Wasu suka fara amsawa. Nan ne Alhaji ya juya, ya dubi ɗansa ido da ido, abin da babu wanda ya taɓa ganin ya yi.

"Ku ƙyale Muhammadu Sani," ya ce. "Bai san komi ba. Ni na."

Muhammad Sani ya ɗago kai kamar wanda aka kira daga nesa. Ya zame jikin bango ya tsuguna, ya rufe fuska da hular kansa. Alhaji ya ci gaba da magana da muryar da ta dushe: bara yaron ya yi asara, shi kuma ba ya iya taimakonsa a fili, ya ji Malama ta ce yawan shaidu ke ɗaga shafi, ya ji talla, ya tura. Da hoton ya fito ya rasa inda zai sa kansa. Ɗakin ya yi laushi nan da nan. Har an fara cewa Allah sarki, uba da ɗa, ai kuskure ne, a rufa wa dattijo asiri. Mai gidan haya ya ce to shi ke nan, Malama ta kwance kayanta, magana ta wuce. Takaici ya kama Sirajuddeen, domin babu ko mutum ɗaya da ya juya ya dube ta.

Lidiya ta miƙe, ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Ba ta wuce ba," ta ce. "Alhaji, shekara talatin da wani abu kana tattalin sunan ɗanka, ko a baki ba ka yarda ya fito ba. Nawa kuwa ba ka ji nauyinsa ba. Ka kira shi a kara, ka kira shi a waya, ka aika da shi makarantarmu, har yara suna rera shi a bayana. Yau ka kira nasa sau ɗaya, ka wanke shi. To nawa fa?"

Ta mayar da tabarau. Ta ce shafin zai gyaru, za ta rubuta wa Google ta barranta da shaidun ƙaryar ɗaya bayan ɗaya, amma kada wanda ya sa rai da wannan Sallar, abin yana ɗaukar lokaci. Ta ce ba za ta taɓa kwamfutar ba sai an mayar mata da sunanta daga duk inda aka kai shi, kuma da bakin da ya kai shi. Wani ya fara cewa ai bai kamata a tozarta babba ba. Goggo Kulu ta ce ya rufe mata baki, ta miƙa wa ƙanenta sandarsa.

Kara tana cike lokacin da suka fito. Alhaji Umaru ya hau kan bencin da ya hau ranar farko, dillalai da masu saye suka taru, Lidiya tana tsaye a gefe da jakarta. Ya kira sunanta, muryar ba ta fita ba. Ta ce na baya ba su ji ba. Ya sake kira da ƙarfi, ya faɗi abin da ya yi. Daga nan suka nufi tasha, domin akwai makaranta a Kalgo, akwai kuma unguwa. Sirajuddeen ya bi su a baya da kwamfutar a hammata. Da suka isa ƙofar gidanta, kashin tumakin yana nan ya bushe, matan maƙwabta suna kan katanga kamar kullum. Lidiya ta shiga ciki ta fito da tsintsiya, ta tsaya riƙe da ita. Muhammad Sani ya miƙa hannu zai karɓa, mahaifinsa ya riga shi.